Wankan da Ya Kusa Halaka Ƙyalla: Jinyar Ɓeran Masar Bayan Tiyata

Ranar wata Litinin a tsakiyar hunturu, likitan dabbobi ya miƙo mini kwali. A ciki akwai ɓeran Masar kwance kan tawul, an aske mata gashin ciki an ɗinke, ɗinkin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya yi mini dogon bayani a tsaitsaye, rabi da Hausa rabi da Ingilishi, ni kuwa hankalina yana kan 'yata da ke riƙe da gefen mayafina tana leƙen kwalin. Abu biyu kaɗai na fito da su daga ɗakin: a tabbata tana cin abinci, kuma a kula da tsaftarta. Na farkon na riƙe shi yadda aka faɗa. Na biyun kuwa na yi masa fassara da kaina, kuma fassarar nan ce ta kusa halaka dabbar.

Ƙyalla sunanta. Kawun yarinyar ne ya kawo su su biyu daga Jos shekara uku kafin wannan rana, duka mata, ɗaya mai ratsin fari a tsakiyar jiki, ɗaya ruwan toka. Yarinyar ('yar fari ce, mai karatu zai yi mini uzuri idan ban kama sunanta ba) ta raɗa wa mai ratsin sunan da ta ji ana kiran akuyar maƙwabta da shi, ɗayar kuma ta ce Toka. A wani keji na katako da waya suke zaune a barandar gidanmu. Duk wanda ya buɗe firji ko ya murza leda a gidan, sai sun amsa masa da wani siririn kuka kamar fito, domin a saninsu ƙarar nan ta latas ce.

Sunan dabbar ya daɗe yana ba ni sha'awa, tun kafin ta kwanta ciwo. Ba ta da wata alaƙa da Masar. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya da Ekwado na yau, inda aka fara kiwonta dubban shekaru da suka wuce, kuma har gobe nama ce a can. Fatake ne suka kai ta Turai a ƙarni na 16. Ingilishi ya kira ta aladen Gini, Faransanci ya ce aladen Indiya, Jamusanci ya ce ɗan aladen teku, Bahaushe kuma ya dubi haƙoranta ya ce ɓera, ya jingina ta ga Masar kamar yadda ya yi wa masara, wadda ita ma daga nahiyar Amurka ta fito. Kowane harshe ya sa baƙuwar cikin ramin da ya riga ya sani. Na sha yi wa ƙawayena wannan bayani da ɗan alfahari, ban san cewa ni ma zan yi mata irin wannan aika-aika ba, in sa jinyarta cikin jinyar da na sani.

Ciwon ya fara ne da zubar gashi a ɓangarorin jikinta biyu, daidai wa daida, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Cikinta ya yi ta girma alhali ba namiji a kejin, ta kuma koma masifaffiya, tana bin Toka da cizo. Da likita ya lalube ta ya yi mata hoto, sai ya ce wasu ƙulle-ƙulle ne masu ruwa suka fito mata a ma'ajiyar ƙwai, kuma ciwo ne da ya zama ruwan dare ga matan wannan dabba idan suka fara manyanta. Maganin da ya fi tabbas shi ne a buɗe ciki a cire ma'ajiyar ƙwan tare da mahaifa. Bai ɓoye mini ba cewa ƙananan dabbobi irinta sun fi kare da kyanwa shiga haɗari a hannun maganin sa barci.

Da Inna, mahaifiyata, ta ji kuɗin aikin, sai ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɓera za a yi wa tiyata? Kuɗin nan ai ya sayi goma irinta, har da canji." Yarinyar, wadda Inna ke kira kishiyarta, ta ce, "To Inna, a cikin goman akwai Ƙyalla?" Inna ba ta amsa ba, ni ma ban ce komai ba, amma a nan aka yanke shawara. Maganar Inna ba rashin tausayi ba ce. A gidan da ta tashi, dabba tana da aikin yi: akuya ta haihu, kaza ta yi ƙwai, rago ya jira Sallah, kyanwa ta yi maganin ɓeraye. Dabbar da ba ta da wani aiki sai a dube ta a ji daɗi, kuma har a kashe mata abin da ya ninka kuɗinta, sabon abu ce a wurinta.

Kwana ukun farko na yi abin da ya kamata. Na kwashe dusar katakon da muke shimfiɗa musu, domin tana manne wa rauni, na maye ta da tsofaffin fararen zannuwa da na wanke na goge. Farin ƙyalle ba ya ɓoye komai: ɗigon jini, launin fitsari da yawan kashi duk a fili suke. Na raba kejin biyu da waya, yadda Ƙyalla za ta riƙa gani da jin Toka ba tare da sun yi kokawa ba, domin dabbobi ne masu zaman taro, kaɗaici yana hana su ci. Na naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma na ajiye a lungu ɗaya, ta matsa kusa idan tana so ta ja baya idan ya ishe ta. Kowace safiya nakan ɗora ta a sikelin kicin. Giram 900 take kafin aiki, ta dawo gida tana 860, ta tsaya a nan. Tana ɗan tsakurar ingirici da latas, tana shan maganin rage raɗaɗi ta sirinji ba gardama.

Sai dai akwai zarni. Ƙafafun ɓeran Masar gajeru ne, cikinta kusan a ƙasa yake, mai ciwo kuma ba ta cika motsawa daga inda ta yi fitsari ba. Zuwa daren Alhamis gashin bayanta ya jiƙe ya dunƙule ya yi rawaya. Ranar Juma'a da safe, ina shirya yarinyar, Inna ta wuce ta gaban kejin ta toshe hanci da gefen zane, ta ce, "Majinyaci da ƙazanta ai ba ya warkewa." Maganar ta sauka daidai inda zuciyata take. Likita ya ce tsafta, ga Juma'a ranar wanka, ga baƙi za su zo da rana. Na tuna ya ce wani abu game da ruwa da rauni, sai na gaya wa kaina cewa zan tallabe ta yadda ruwan ba zai kai wurin ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa na yi saurin yarda da kaina, ni da nake ganin na yi karatu. A jinyar da na tashi na gani, ruwan zafi shi ne kan gaba. Wanda ya yi targaɗe a gasa masa, wanda ya dawo daga doguwar tafiya a dafa masa ruwa, mai jego ta yi kwana arba'in tana wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da reshen darbejiya. Idan aka ce majinyaci ya tashi ya yi wanka da kansa, kowa ya san an samu sauƙi. Na san kuma cewa al'adar tana da nata illolin, domin likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ita wannan yarinya da tiyata aka ciro ta, kuma Inna da kanta ta haƙura da gasa mini ciki har ɗinkin ya kame. Duk wannan sani yana kaina, amma da na ji kalmar tsafta, hoton da ya zo mini na baho ne da sabulu.

Na sirka ruwa a ƙaramar roba, na ɗauko sabulun jarirai. Minti ɗaya ba a yi ba ta zille daga hannuna ta faɗa ruwan da ciki. Na tsamo ta a gigice, na goge ta da tawul, na ga kamar ta bushe, na mayar da ita keji a baranda inda iskar hunturu ke kaɗawa. Ta yi fes, zarnin ya tafi, har na ji daɗin aikina.

Kafin la'asar ta takure a lungu, gashinta ya tashi tsaye, idanunta sun yi ƙanana. Na miƙa mata latas ta kawar da kai. Na murza leda, Toka kaɗai ta amsa. Da magariba na duba zanen da ke ƙarƙashinta, babu ko ƙwayar kashi ɗaya. Da na ɗaga ta, sai na ga gefen ɗinkin ya yi fari ya yi laushi kamar yatsan wanda ya daɗe yana wanki, zare ɗaya ya saki, wurin yana ɗan tsattsafo da ruwa. Yarinyar ta tsaya a bayana ta ce, "Umma, me ya same ta?" Ban taɓa jin nauyin tambaya kamar wannan ba. Na ce, "Ni na yi mata wanka, kuma bai kamata ba." Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko kwalin nan ta shimfiɗa tawul a ciki.

Likitan ya amsa kirana a daren, Allah Ya saka masa. Ya wanke wurin, ya gyara ɗinkin, ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ya ɗumama ta. Sai da ya gama ya ce, "Malama, wa ya ce ki yi mata wanka?" Na ce shi ya ce a kula da tsaftarta. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Tsaftar wurin kwananta nake nufi. Ita kanta kada ta ga ruwa sai ɗinki ya warke." Wannan karon na fito da takarda da biro, kamar ina gaban wanda nake ɗaukar bayani a wurinsa a fagen bincike.

Illa uku wankan ya yi mata. Ruwa ya jiƙa fatar da ke ƙoƙarin haɗewa, ya kwaso dattin bayanta ya kai bakin raunin. Sannan ga sanyi: zafin jikin wannan dabba wajen digiri 38 zuwa 39 ne, jikin kuma ƙarami, gashinta mai kauri yana riƙe lema a ƙasa ko da samansa ya bushe. Na ukun, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne firgita. A daji kowa farautarta yake yi, don haka ta gaji ɓoye ciwo, tsoro da raɗaɗi kuma sukan hana ta ci. Hanjinta kuwa an gina shi ne a kan ciyawa mai wucewa ba dare ba rana. Idan ta yi kamar rabin yini ba ta ci ba, hanjin yakan lafa, iska ta taru, daga nan sai abin da Allah Ya yi. Rashin kashin da na gani a zanen shi ne alamar.

Ya koya mini abin da zan yi a madadin wanka. A zaunar da ita kan tawul a cinya, ba a kwantar da ita rigingine. A tsoma auduga a ruwan ɗumi a matse har ta daina ɗiga, a goge gashin baya daga gaba zuwa baya, nesa da ɗinkin, kowace shafa da sabuwar auduga. Inda gashi ya dunƙule ya ƙi warwarewa, a rage shi da almakashi mai dakusasshen baki, da yatsa tsakanin almakashin da fata. A tsane wurin da busasshen ƙyalle har sai yatsa ya shiga cikin gashin bai ji sanyi ba. Shi kansa raunin ido ne nasa: a dube shi safe da yamma ko ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana ruwa, ko yana wari, amma ba Dettol, ba sifirit, ba hoda, ba man shafawa. A canza shimfiɗa sau biyu ko uku a yini, domin a nan ainihin tsaftar take. A rufe kejin da gidan sauro saboda ƙuda, wanda ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi. Yankan farce da taza duk su jira.

Na tambaye shi ko za a sa mata irin mazurarin robar nan da ake sa wa kare a wuya don kada ta ciji zaren. Ya ce ba ya so sai dole, domin ɓeran Masar tana fitar da wani kashi mai laushi wanda take sunkuyawa ta ci kai tsaye, kuma daga shi take samun wasu sinadaran gina jiki da ƙwayoyin da hanjinta ke buƙata. Da na ba Inna wannan labari ta ce, "A'uzu billahi." Amma ni ya ƙara nuna mini nisan da ke tsakanin tsaftata da tata.

Kwana biyar na yi ina ciyar da ita da hannu. Nakan daka ingirici in tankaɗe, in dama da ruwan ɗumi da markaɗen koren tattasai, in zuƙa a sirinjin da aka yanke wa baki, in ɗura mata ta gefen baki kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku ko huɗu, har da tsakar dare. Tattasan yana da dalili. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinta ba ya ƙera bitamin C, sai ta samu a abinci, kuma rauni ba ya haɗewa da kyau idan babu shi. Wannan kamanni ne ya sa wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka iya nazarin cutar rashin wannan sinadari a jikinta a 1907. Nauyinta ya sauka zuwa giram 790. Yarinyar ce mai ƙirga kashi, tana rubutawa a bayan littafinta na lissafi: ranar farko uku, ƙanana busassu, washegari goma sha ɗaya.

A cikin kwanakin nan wata maƙwabciya ta ba da shawarar a fasa kafson amfisilin a barbaɗa a raunin, kamar yadda ake yi wa gyambo. Da ban rubuta gargaɗin likita ba, da wataƙila na sake faɗawa wani ramin. Magunguna dangin fenisilin suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hanjin wannan dabba, su bar masu dafi su yi yawa, kuma sukan kashe ta. Ita kuwa duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe.

Ina zaune da auduga a hannu dare bayan dare, sai na riƙa jero kalmomin abin da nake yi. Ina gogewa, ina shafawa, ina dangwalawa, ina tsanewa, ina sharewa, ina kakkaɓewa, ina tsefewa. Harshen da ya bambanta wanka da wanki da wanke-wanke, ya raba ɗauraya da cuɗa da jiƙa, bai rasa kalmar da likitan zai faɗa mini ba. Ya ɗauko babbar kalma ya miƙo mini, ni kuma na cika ta da abin da na saba. Mu da muke fassara saƙonnin lafiya zuwa Hausa, a takarda ko a rediyo, muna yawan yin haka. Mukan rubuta "a kula da tsafta" mu ɗauka mun isar da saƙo, alhali mai sauraro zai aikata abin da kalmar ke nufi a ɗakin uwarsa. Da an ce mini "a canza shimfiɗa, a goge da auduga, kada a jiƙa," da ban taɓa robar nan ba.

Inna ce ta ƙarasa mini tunanin. Wani dare ta fito alwala ta tarar da ni ina goge bayan Ƙyalla. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe taimama kike yi mata." Na ɗaga kai. Ta ce, "To ai ko mutum, idan ruwa zai cuce shi an ɗauke masa. Mai karaya ma a kan ɗaurin yake shafawa. Ni ce ban yi tunani ba rannan." Gaskiyarta. Tarbiyyar da ta koya mini cewa ruwa shi ne tsarki, ita ce kuma ta koya mini tun ina makarantar allo cewa akwai ranar da barin ruwan shi ne daidai. Rabin darasin na riƙe. Daga daren nan Inna ta karɓi ɗurar asuba, tana yi tana mita, wai kishiyarta ta mayar da ita baiwar ɓera.

A rana ta tara bayan wankan, ina shanya zannuwa, yarinyar ta kira ni da raɗa. Ƙyalla ta zauna kan ƙafafunta na baya. Wani farin ruwa kamar madara ya fito a gefen idonta, ta sa hannuwanta biyu ta shafo shi, ta goge fuska, ta bi ta bayan kunne, ta juya ta lashi kafaɗa, ta girgije. Da wannan ruwan ido suke wanke fuska, kuma marar lafiya a cikinsu ba ta yi. Ashe maganar da na gada tana nan daram: majinyaci ya tashi ya yi wanka da kansa.

Da aka cire zaren na ƙara jira sai da gashin cikin ya fara tohowa kafin in yanke mata farce, huɗu-huɗu a gaba, uku-uku a baya, ina tsayawa nesa da jan da ke cikin farcen. Na taje ta da buroshi mai laushi, na goge maiƙon da ke taruwa a inda wutsiya za ta kasance da tana da ita. Wanka na sosai kuwa sai da bazara ta shigo: ruwa bai wuce kaurin yatsa biyu ba, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ba a bari ya kai kunne ko ido, a cikin ɗaki, da rana tsaka, kuma ba a sake ta sai ta bushe har ƙasan gashi. Likitan ya ce mai gajeren gashi irinta, idan shimfiɗarta na da tsafta, tana iya shekara ba ta buƙaci wannan ba.

Masana nahawu sun san yadda w kan koma y a gaban wasalin gaba, shi ya sa ɓarawo ya ba da ɓarayi, hawa ya ba da haye, kiwo kuma ya zama ɗan'uwan kiyaye. Muna cewa kiwon akuya, muna cewa kiwon lafiya, kalma ɗaya. Na daɗe da sanin wannan a takarda. A makonnin nan ne na gane cewa yawancin aikin mai kiwo kallo ne da jira, da sanin lokacin da zai janye hannunsa.

Ƙyalla tana nan, giram 920 a awon da ya wuce. Robar wankan kuwa Inna ta ɗauke ta, ta shuka na'ana'a a ciki.